Ranar da Kakana Ya Yi Kumandan

A gidanmu na Gaya ba don hira ake hura wuta ba, wutar bandar kifi ce. Kakata, Iya Hajo, tana sayen kifi a hannun masunta a bakin gulbi ta yi bandarsa, kuma in sanyi ya shigo, da an sallame magariba sai ta zauna gaban murhun, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta ba da tatsuniya kyauta. Wanda bai juya kifi ba, ba ya jin labarin Gizo. Hayaƙi ya yi ta sa mu hawaye, ita kuwa ko ƙiftawa ba ta yi, tana cewa idonta ya riga ya yi banda tun kafin a haifi iyayenmu.

Akwai labari ɗaya da ba ta buɗe shi da "ga ta nan". In ta ture itace cikin wuta ta zuba wa garwashi ido har muka fara kallon juna, to mun san shi ne zai zo. Sai ta ce, "Wanga ba tatsuniya ba ce. Wanda zai yi dariya ya yi ta tun yanzu, don gaba babu wurinta."

Labarin mijinta ne. Ba ta faɗin sunansa ko bayan ya yi shekaru a ƙasa, "kakanku" take cewa. A bakin mutanen gari muka ji cewa sunansa Garba, amma Mutum-Ɗari kowa ke kiransa. Ɗan manoman Tanda ne wanda noma ya ƙi shi. An ce ubansa ya taɓa waiwayowa a gona ya tarar da shi yana kwaikwayon yadda yake tofa yawu a tafi kafin ya kama hauya, ƙannensa suna birgima a kunya don dariya. Da ya tasa sai ya bi 'yan kama, masu wasan ban dariya da ke zaga kasuwanni da gidajen biki da ɗan gangarsu. Bai taɓa zama shugabansu ba, kuma ba shi ke waƙa ba. Iya ta ce muryarsa ta waƙa ko akuya ba za ta tsaya saurare ba. Aikinsa shi ne ya shigo tsakiyar wasa a matsayin wani: yau tsohuwa mai cinikin daddawa, gobe malamin da ke leƙen akushi yana jan tasbaha, jibi mai jirgin fito da ke rantsuwa jirginsa ba ya yoyo alhali yana kwarfar ruwa. Daga Yelu har ƙetaren gulbi, mutane kan manta waƙar da aka yi, amma ba su manta wanda ya shigo ba.

Yana da yadda yake aiki. Ba ya kwaikwayon mutum sai ya bi shi kwana da kwanaki daga nesa, ya ga yadda yake sa ƙafa da inda yake ajiye hannu in ya rasa abin faɗa. Kuma yana da doka biyu. Ba ya taɓa abin da Allah ya ɗora wa mutum, gurgunta ko i'ina. Sannan abin da mutum ya yi a gaban jama'a na kowa ne, amma abin da ya yi shi kaɗai nasa ne da Ubangijinsa. A al'adar ƙasar kuwa ba a fushi da ɗan kama. Mai gari da kansa za a kwaikwaya a ƙofar gidansa, ya yi dariya ko da ta ciki na ciki, ya tuɓe riga ya bayar.

Shekarun nan Nasara bai daɗe da zama a Gaya ba. Kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, yana bariki da gardawansa, wato dogaransa, kuma ana ɗibar maza ana ɗaure su a igiya a kai su aikin hanyar Dosso. Wasu su dawo ƙashi da fata, wasu sai labari. Kakana ya ga mutum sabo mai tafiya irin wadda bai taɓa gani ba, hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya bi Kumandan sati guda. Iya ta ce wata rana da yamma ya dawo daga bakin gulbi ya zauna, ya ƙi taɓa tuwo. Ta tambaye shi abin da ya gani, ya ce abin da ya gani ba na wasa ba ne.

Sauran halin Kumandan kuwa ya kwashe shi tsaf. Iya da hannunta ta shafe ƙwarya da farar ƙasa ta zama malafar Nasara. Ya shafa toka a fuska, ya soke kara a hammata, ya riƙa tafiya ƙirji gaba kamar zakara a bakin rumbu, yana goge wuya da tsumma, yana ƙirga kawunan mutane da kan karan yana ɓatan lissafi. Ranar kasuwar Tanda mata har sun zauna ƙasa don dariya, ciki har da waɗanda mazansu ke kan hanyar Dosso. A nan ya yi kuskurensa. Ya ɗauka Nasara ma mai gari ne, al'ada ta ɗaure shi. A cikin taron akwai wani gardi da ake kira Dogo, shi bai yi dariya ba.

Labari ya iso gida kafin gardawa. Iya tana da cikin wata bakwai, cikin ubana. Idan ta zo nan sai muryarta ta koma ta yarinya.

"Na ce mishi, ka tahi ƙetare. Jirgi ɗaya ne tsakaninka da Dahome. Ya ce, in na tahi ƙanena za su ɗaure. Kuma mi na yi? Wa ya taɓa hushi da ɗan kama?"

Da hantsi gardawan suka zo, suka ce ya ɗauko kayan wasansa. Iya ta dama fura ta zuba a gora, ta naɗe tsohon bargonsa, ta bi su a baya. Ba ta gaya masa dalilin bargon ba, shi ma bai tambaya ba.

A gaban bariki akwai wata babbar bishiya, Kumandan yana zaune a inuwarta a kan kujera, bulala a kan cinyarsa. Gefe guda maza ne a tsugune cikin rana, igiya ɗaya ta ratsa ƙugunsu, suna jiran a tashe su. Iya ta ce abin da ta fara gani shi ne ƙarshen igiyar, an bar saura a ƙasa daidai na mutum ɗaya. Mutanen gari sun taru daga nesa, ba mai ko tari.

Kumandan ya yi magana, mai fassara ya juya ta da Hausa: an ce akwai Kumandan biyu a ƙasar nan, yana so ya ga na biyun. In wasan zagi ne, ga igiya. In ya ƙi yi, ga igiya. Sai mai fassarar ya sassauta murya ya ƙara nasa, ya ce ya yi shi da kyau, ya yi shi sarki, ya tsira. Dogo ya ji. Ya ce shi ya ga wasan Tanda da idonsa, in aka canza ko taku ɗaya zai faɗa.

A nan Iya kan tashi tsaye, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta kifa ƙwaryar gishiri a kanta. Mu kuwa mun daina juya kifi.

Kakana ya shafa toka. Ya ɗora ƙwarya. Ya soke kara, ya turo ƙirji, ya yi taku uku. Iya ta ce wallahi sai ta ga kujerar nan kamar ba kowa a kanta, Kumandan ya taso yana yawo. Ya goge wuya da tsumma. Ya nufi mazan da ke igiya ya fara ƙirga su da kan kara, ya ɓata, ya sake. Mutane suka cije leɓe, wasu suka sunkuyar da kai. Sai dariya ta kuɓuce wa wata tsohuwa a baya, guda ɗaya, ta toshe baki. Wuyan Kumandan ya yi ja har kunne. Hannunsa ya sauka kan bulala. Dogo ya sunkuya ya ɗauki ƙarshen igiyar.

"Nan na ji ɗan cikina ya juya," in ji Iya. "Na ce, shi ke nan, wanga yaro ba shi ganin ubanshi."

Kakana ya tsaya cak. Ya dubi igiyar a hannun Dogo, ya dubi inda Iya take tsaye da gora da bargo. Sai ya sa hannu biyu ya sauke ƙwaryar a hankali ya ajiye. Ya jefar da karan. Kafaɗunsa suka faɗi, ya ja ƙafa ya zauna a kan wani dutse ya juya wa taron baya rabi, kamar mai kallon ruwa. Ya sa hannu a ƙirji ya zaro wani busasshen ganye da ya ninka, ya warware shi, ya shafe shi a kan gwiwa. Ya kalle shi leɓensa na motsi. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Daga nan ya miƙa tafin hannunsa gefe, kife, daidai tsayin yaro ɗan shekara uku. Ya dubi ganyen, ya dubi hannun, ya ɗan ɗaga shi sama kaɗan. Ya yi jim. Ya ƙara ɗagawa kaɗan. Ya bar hannun a nan a iska, a kan kan yaron da babu shi.

Ba wanda ya gane abin da yake yi. Dogo ya buɗe baki zai ce wannan ba na Tanda ba ne, ya waiwaya ya ga fuskar ubangidansa, ya mayar da bakin ya rufe. Jan nan ya tafi, Kumandan ya yi fari fat. Ya miƙe, bulalar ta zame ta faɗi ƙasa bai ɗauka ba, ya shige bariki.

Aka bar su a tsaye. Inuwar bishiyar ta janye ta bar kakana cikin rana, bai motsa daga kan dutsen ba. Iya ta ce ba ta taɓa jin tsawon lokaci irin na ranar ba, har kiran azahar ya taso daga cikin gari ba wanda ya je. Can mai fassara ya fito. Ya ce Kumandan ya ce kakana ya tafi gida. Ya bar ƙwaryar. Kada ya ƙara yin wasa muddin shi yana Gaya, kuma in sun haɗu a hanya, ya kau da kai.

Mukan yi ajiyar zuciya a nan, mu fara murna, sai Iya ta kashe mana ita. Ta ce kada mu ɗauka an kwance kowa. Bayan azahar aka tashi mazan igiya aka yi Dosso da su, ƙarshen igiyar yana jan ƙasa, kuma furar da ta dama wa mijinta wani daga cikinsu ta miƙa wa. Mutumin nan bai dawo ba.

Kakana da Iya suka kama hanyar gida har ƙofa. Ya ce mata abin da ya gani ke nan a bakin gulbi ranar da ya ƙi cin tuwo: Nasara shi kaɗai da takardar gida, yana auna ɗan da ya bari. "Na sayi kaina da asirin wani," ya ce. "Ba ni da abin da zan ce ma Allah." Ita ta ce masa ya ce wa Allah yana da mata mai ciki.

Shekara biyu ya yi yana taya ta hura wutar banda, mutumin da bai iya komai ba sai zama wasu. Da aka canza Kumandan ya koma wasa, ya yi ta har gemunsa ya yi fari. Ya yi tsofaffi, ya yi malamai, ya yi Dogo ma bayan an sallame shi daga aiki. Amma ko riga nawa aka ajiye masa bai sake yin Nasara ba. Iya takan rufe da cewa wannan ba ta da kan ɓera da za a yanke, a tashi a kwashe kifi.

Muna yara, wurin ƙirjin zakara muke so. Mukan roƙe ta ta sake tafiyar, kuma mukan ƙosa da wurin hannun. Ni har haushin kakana nakan ji, don na so ya ƙarasa zagin ko da za a ɗaure shi. Yaro bai san nauyin igiya ba. Da na girma na zama mushen lakwal, wato malamin makaranta, in na ga masu wasa a tele, ba jarumin nake kallo ba, sai wanda ya shigo ya yi gardi ko tsoho na ɗan lokaci ya fita, ina tunanin kwana nawa ya yi yana bin wani. Har yau ban yanke hukunci a kan kakana ba. Ya karya dokarsa, kuma da bai karya ta ba da ubana ya tashi maraya. Ban kuma yafe wa Kumandan ba don yana da ɗa, tunda mazan igiya ma suna da nasu.

'Yata ta fari tana aure nesa, ƙasar da ba a zuwa da mota, kuma tana da ɗa da rabona da shi tun yana rarrafe. Kwanan baya bayan la'asar ina zaune ni kaɗai a bakin gulbi, na gama sauraren saƙonta a waya inda take cewa yaron ya shiga lakwal. Ban san lokacin da hannuna ya fita gefe ba. Na gan shi a kife a iska, ina ɗaga shi kaɗan-kaɗan. Sai na yi sauri na waiwaya, in ga ko akwai mai kallona.