Baba Gaston da Tagar Rufin Mota

Kullum kafin a buɗe garejin kamfanin da ke sayar da motoci a Garwa, Baba Gaston ya riga ya cika butarsa da ruwa. Wurinsa can ƙarshen fili ne, bayan tarin tsofaffin tayoyi, inda ba mai leƙawa sai wanda tagar rufin motarsa ta cije ko ta fara yoyo. Nan yake aiki, nan yake cin abincinsa shi kaɗai.

Ita tagar nan, manya ke sonta, makanikai kuwa sun tsane ta. Tana da siraran bututai masu zubar da ruwan sama. Da rani zanzaro ya shiga cikinsu ya yi gininsa na laka, ruwan farko na sauka sai ya zubo wa mai mota a hula. Maganin kamfani ɗaya ne: a yi walda a huta. Gaston kuwa sai ya zura wayar birkin keke, ya kafa baki ya yi ta busa har lakar ta fito. Gwajin yoyo aikin mutum biyu ne, wani na zuba ruwa, wani na ciki yana dubawa. Shi da ba shi da na biyu, sai ya tsiyaya, ya ruga ciki ya ɗaga kai. Na sha yin dariya, yanzu kuwa in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ni direban Modibbo Abdurrahman ne. Da ɓarin jikinsa ya shanye, a kwance nake kai shi Yagwa wurin 'yarsa, idonsa na sama. Sai tagar ta cije. Shugaban gareji ya ce walda. Matar Modibbo, Hajiya Ummuhani, ta taka har bayan tayoyin.

"Baba, abin da ya rage masa yana kallo ke nan," in ji ta.

"Bar mini ita, Hajiya."

Ƙarfen da ya karye a jikin tagar ba a samunsa, sai Gaston ya ƙera wani da hannunsa. A tafiyarsa ta ƙarshe, ta tagar nan Modibbo ya ga kan dutsen Mindif, ya yi murmushi. Kai ne ka ba shi wannan, Baba Gaston.

Bana ƙirjin Gaston ya gaza, ya ajiye aiki. Ba wanda ya koyi sana'ar, ba kuma wanda ya rako shi ƙofa. Hajiya ta ce in kai shi gida, can garin Gidar. Muna fita gari na zuge tagar. Ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "Ashe haka take in ana tafiya."

Bai taɓa shiga ɗaya tana tafiya ba.

Useko, Baba, mun gode. Masu sana'a, ku gyara abin mutane kafin ku ce a toshe. Wanda kuma hanya ta bi da shi Gidar, ya tsaya ya gaishe shi. Yana zaune a ƙofar gida, butar na gefensa.