Ranar da Kubra Ta Kai Tirenta Rawda

Duk wanda ya zauna a layinmu na Dar Salam, can bayan Omdurman, a shekarun da soja ke mulki muna kashe dinari, ya san Yaya Kubra mai gyaɗa. Katangar laka ɗaya ce tsakanina da ita, ko tari na yi sai ta ce min sannu. A yankin Jazira aka haife ta, ta tashi cikin tsinkar auduga, ta auri Badaru mai walda a unguwar Alshajara. Da Allah ya yi masa rasuwa, sai ta nemi kasko da yashi ta kama suyar gyaɗa a bakin tashar mota.

Ban taɓa jin matar nan ta ce babu ba. In ka tambaye ta ya kasuwa, amsar ɗaya ce: mastura. Kalmar Larabawan nan ce, abin da mu muke kira rufin asiri. Ranar ciniki mastura, ranar da tire ya dawo kamar yadda ya fita, mastura. Wallahi har haushi take ba ni, don ina sane da ranakun da hayaƙi bai tashi a gidanta ba.

Tana riƙe da jikarta Mawahib, marainiya 'yar shekara huɗu, wadda kullum ke gindin murhu. Ta taɓa taka yashin suya, tabon na nan a tafin ƙafarta. In masu korar 'yan talla suka ɓullo kuwa, Kubra rasa wanda za ta fara ɗauka take yi, tire ko jika. Shi ya sa da wata ƙungiyar mata ta buɗe rawda a unguwa, inda ake riƙe ƙananan yara daga safe zuwa azahar har da karin kumallo, na hana ta sakat sai ta kai yarinyar. Mai hali ya biya, marar hali kyauta, sai dai a cika maka takarda tukun.

Ranar zuwa, Yaya Kubra ta buɗe akwati ta ɗauko farar lafayar da Badaru ya saya mata, ta turara ta, ta sa takalmin zuwa biki. Haka aka raine mu, ba a zuwa gaban masu biro sanye da kayan aiki. Ustaza Sittana, shugabar wurin, ta tambayi sunan yarinya da shekarunta, sannan ta tambayi abin da ke shigowa gidan a wata. Kubra ta ce mastura, alhamdu lillahi. Aka sake tambaya, ta sake ba da amsar. Ustaza ta dubi lafaya, ta shaƙi turare, ta sa Mawahib cikin masu biya.

Da ta dawo ta ba ni labari, raina ya yi mummunan ɓaci. Na ce mata ita kam wace irin mata ce, an buɗe mata ƙofa ta sa hannu ta rufe. Ta ce uwarta ta hore ta tun a gonar auduga cewa faɗa wa baƙo yunwarka kai ƙarar Ubangiji ne wurin bawa. Kuma ita ba ta san wani abu wai shi wata ba, abin da rana ta kawo kafin magariba an cinye.

"To ki yi ta rufewa, Yaya," na ce, "har yarinyar nan ta ƙona ɗaya ƙafar."

Ta yi fushi da ni sosai, ko tarin nawa ta daina amsawa. Ni kuwa ban janye ba, don gaskiya na faɗa.

Wata safiya sai na ji ta kira sunana ta kan katanga, wai in zo in raka ta. Na fito na same ta da zanen aikinta mai tabon gawayi, tire a ka, kasko a hannu, Mawahib na riƙe da gefen zanen. Na ɗauka tasha za mu, sai na ga ta miƙe hanyar rawda. Ƙofar cike take da matan unguwa, waɗanda suka saba jin masturarta shekara da shekaru. Ba ta dubi kowa ba. Ta wuce har gaban teburin Ustaza, ta sauke tire da kasko a ƙasa.

"'Yata, kin tambaye ni abin da ke shigowa gidana," ta ce. "Bakina ba zai iya faɗa ba. Ga shi nan gaba ɗaya, ki duba ki rubuta."

Ustaza ta dubi tiren, ta dubi yarinyar da ke ɗingisa ƙafa ɗaya, ta ce wa Kubra, Haja ki zauna. Ta ce ita ma tsohuwarta ko kwana ta yi da yunwa mastura za ta ce. Ta ɗauko sabuwar takarda ta cika, ba ta ƙara tambayar komai ba. Ni dai da bakina da komai, hawaye ne suka zubo min.

Nan take aka kama hannun Mawahib aka shigar da ita cikin yara. Ja'irar ko waiwayowa ba ta yi ba. Ita ce yau take aikin jinya a unguwar Alsawra, ta kuma hana kakarta zaman tasha, ko da yake har gobe Kubra na soya gyaɗarta a tsakar gida tana rarraba wa jikokin layi.

A hanyar dawowa ran nan na ɗora mata tiren a ka, na ce bari in tsokane ta mu shirya. Na ce, to Yaya, ya gida? Ta tsaya ta juya ta daɗe tana kallon ƙofar rawdar.

"Mastura," ta ce. "Yau kam ba don kunya na faɗa ba."