Katangar da Kwano ke Tsallakewa

Warin daddawa ne ya cika motar tun kafin mu bar tasha. Mun tashi daga Bauchi da asuba, ni da kakata, tana rungume da ƙullin daddawarta kamar jaririya. Tsaraba ce za ta kai wa tsohuwar maƙwabciyarta a Gombe, wata Batangaliya da suka rabu tun ba a haife ni ba. Ɗan matar ya kuɗance, kuma fargabar Kaka ɗaya ce: anya za a buɗe mata ƙofa?

Damina ta shimfiɗa wa duwatsu koren mayafi. A Alkaleri muka sayi dafaffiyar gyaɗa, Kaka tana mitar cewa gwangwanin awo ya rame. Ni kuwa, da yake tattalin arziki nake karantawa, na shiga ba ta labarin yadda masana ke auna ratar da ke tsakanin mawadata da talakawa, da yadda dukiya ke ƙara taruwa a hannun 'yan ƙalilan. Na ce wahalar ita ce manyan ba sa amsa tambayar masu bincike. Ta ce ita da katanga take awonta.

Da hantsi muka isa Gombe, muka hau keke zuwa Shamaki, tsohuwar unguwarsu. Gidajensu biyu na da suna nan a hannun wasu, katangar tsakaninsu iyakarta ƙirjina. Ta nan, in ji Kaka, kwanon miya ke tsallakewa kullum.

Daga nan muka nufi unguwar manya. Kaka ta ɗaga sandarta a jikin katangar gidan ɗan maƙwabciyar, ko rabi ba ta kai ba, ga waya mai ƙaya a sama. Mai gadi ya shaƙi ƙullinmu, ya yamutsa fuska. Ta ce ya gaya wa Mama cewa mai kwano ce ta zo. Muka tsaya a rana muna jira.

Sai ga wata tsohuwa ta fito da takalmi ƙafa ɗaya.

“Ke, ashe ba ki mutu ba?”

“Ina zan mutu, kwanona yana hannunki?”

A ranar, mai dafa abincin gidan ya huta. Su biyu suka kaɗa miyar kuka, warin daddawa ya bi labulaye masu tsada. Mama ta ce a nan ko tarin maƙwabci ba ta ji.

Washegari muka koma gida, Kaka tana gyangyaɗi a kafaɗata. Na fahimci ratar ta yi tsawo ƙwarai, amma wani lokacin tana da ƙofa.

Sai bayan watanni mahaifiyata ta gaya mini cewa a wancan zamanin kakana, dillalin auduga, shi ne mai kuɗin layin. Daga gidanmu kwanon yake tsallakewa a cike. Kaka ba ta taɓa faɗa ba.