Ƙullin da Diddigena Ya Gano a Bayan Baba

A daminar 1985 ne, ranar Lahadin da aka faɗa a rediyo cewa yaran ƙasarmu sun ci kofin ƙwallo na duniya a ƙasar Sin. Duk yaran layinmu a Kakuri sun fita suna dukan gwangwani cikin taɓo, ni kuwa ina tsaye a kan bayan mahaifina, na dogara da taɓarya don kada in zame. Shekarata tara, ina aji uku. Baba yana aiki a wata masaƙa, a ɓangaren da ake saɓa dilar yadi a wuya a kai ta bakin mota, kuma kullum idan ya dawo sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ya yi rub da ciki, ya ce, "Ɗanjuma, zo ka hau." Yayana ya yi masa nauyi, ƙanwata kuma ba ta da nauyin kirki, sai aikin ya zama nawa, kamar yadda bin layin famfo ya zama na yayana.

Na san bayan nan da tafin ƙafa fiye da yadda na san hanyar makaranta. Kwari ne a tsakiya, ƙasusuwa sun jeru a cikinsa kamar 'ya'yan carbi tun daga ƙeya har kwankwaso, sai tsoka mai kauri ta kwanta dama da hagu kamar kunyoyin gona guda biyu. A kan tsokar ake takawa, a fara daga ƙugu a haura a hankali zuwa allon kafaɗa, inda ta fi ɗaurewa. Dokin wuya ba a hawansa da ƙafa. Nan sai in sauko in durƙusa, in murza da babban yatsa, a kan kantar da dila ta yi masa, baƙa mai tauri kamar ƙirgi. Ran nan ihun waje ya ɗauke mini hankali, diddigena ya goce ya faɗa cikin kwarin, ƙasa kaɗan da allon kafaɗa. Sai na ji wani ƙulli ya tokare ni, ƙashi guda ya fito daga layin 'yan'uwansa. Baba ya damƙi gefen tabarma har ta yage.

Da numfashinsa ya dawo, sai ya leƙa ya tabbata Inna tana can wajen wanki, ya ce da ni a hankali, "Gocewa ya yi. Taka shi ya koma." Ya ƙara da cewa kada uwata ta ji, domin ana rubuta sunayen waɗanda za a sallama daga aiki, kuma duk wanda ya kai ƙarar ciwon baya wurin likitan masaƙa, sunansa ne a sama. Na ɗauki maganar kamar an ɗora mini dutse. Wata uku ina taka ƙullin nan kowace yamma, ina sa duk nauyina a diddige ɗaya, shi kuma yana cije gefen rigarsa. Ƙullin bai koma ba, ƙara tsini ya yi. Tsokar da na saba ji kamar katako ta fara laushi, haƙarƙarinsa suka bayyana, idan zai ɗauki buta ba ya sunkuyawa, sai ya dafa gwiwa ya sauka a miƙe. A aji malam yana karanta baƙi muna bi, ni hankalina yana kan yamma.

Wata safiya na riƙe masa kwanon abinci muna bin gefen titin jirgi zuwa ƙofar masaƙa, sai silifas ɗinsa na hagu ya fita. Ya ci gaba da tafiya a kan tsakuwa, taku biyar ko shida, bai sani ba. Na ɗauko na miƙa masa. Ya dubi takalmin, ya dubi ƙafarsa. Da yamma ya kira ni in hau, na ƙi. Ya daka mini tsawa, na ruga ɗakin maƙwabciyarmu Maman Talatu, mutuniyar Kagoro da ke taimakon nas-nas a asibiti, na faɗa mata komai ina kuka. Ta fito da ludayi a hannu, ta ɗaga rigarsa ba ta nemi izini ba. "Haba Malam Haruna! Wannan kake sa yaro ya taka? Baya ne ko ƙasar gini?" Ya ce a bar shi ya kai ƙarshen wata. Ta ce, "Ka kai ƙarshen wata da ƙafar wa?"

Washegari aka tsallaka gada da shi zuwa asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙashin a jikin taga, ya nuna mana gaɓoɓi biyu da suka rufta a kan juna. Ya ce tarin fuka ne ya shiga ƙashi ya cinye su, kuma a bayansu laka take, wadda ke kai saƙo daga kai zuwa ƙafafu, ga shi an fara matse ta. Da Maman Talatu ta faɗa masa zancen takawa, sai ya ajiye hoton ya tambaya wa ke yi. Baba ya ce, "Ni na sa shi, likita. Yaron umarni ya bi." Aka naɗe shi da filasta mai tauri kamar siminti daga ƙirji zuwa ƙugu, aka yi ta yi masa allura, ya yi wata bakwai a kwance. Takardar sallama daga aiki ta same shi a gadon asibiti. Ya tashi da sanda da ɗan doro, ni da yayana kuwa muka shiga dako a kasuwa, ban sake komawa aji ba sai da furfura ta fito mini.

Yau masaƙar ta yi shiru, ciyawa ta rufe ƙofarta, yaran layin kuma ba su san aikin taka bayan uba ba, kwalbar man zafi ta karɓe shi. Har Baba ya rasu bai taɓa ɗora mini laifi ba, ni ma na daina tambayar kaina nawa ciwo ya ci, nawa diddigena ya ƙarasa. Abin da ya tafi dai na san shi: gaɓa biyu na ƙashin bayansa, ƙarfin ƙafarsa ta hagu, aikinsa, da shekara talatin da na yi ban iya karanta ko wasiƙa ba.