Furen da Ya Koma Ƙasa

Jama'a, yau na tona wa goggona asiri da hannuna!

Goggo Hajo tana takaba, amma ranar bikin ɗiyarta a Gwandu ta saci jiki ta raka amarya har bakin mota. Da yake ni ke haɗa bidiyon bikin, ta roƙe ni kada ta fito a ciki, sai na ɗora hoton fure na rufe ta. Ɗazu ina gyara jerin hotunan a kwamfuta, ashe na ja furen ya koma ƙarƙashin bidiyon, Goggo ta fito fili. Ban duba ba na tura wa dangi!

Sai ga kiran ƙanen marigayi mijinta, mutumin Kalgo: "Kai, wa nake gani bakin mota?"

Na kira Goggo in gargaɗe ta. Ta ce, "Ɗan nan, ka makara. Ga shi yana sallama."