Makullin Birki

A tashar tasi ta bakin kasuwa, wani dogon katako ne ke faɗin wanda zai yi lodi. An kafa shi a jikin ginshiƙin rumfa, an jera masa ƙusoshi daga dama zuwa hagu. Direban da ya iso sai ya rataya makullin motarsa a ƙusar farko da ya tarar babu kowa. Idan na gaba ya cika ya tashi, kowa ya matsar da nasa da hannunsa. Dokar guda ce, kuma ta girmi duk wanda ke tashar: ba a taɓa makullin wani. Ko mutum ya tafi cin abinci layi ya zo kansa, sai dai na bayansa ya yi lodi, amma makullin yana nan inda mai shi ya bar shi.

Kusan kullum makullin da ke ƙusar farko na Birki ne, mai ɗaure da wani jan zare da ya koɗe. An sa masa wannan suna ne domin ƙafarsa ta fi sanin birki da totur. Fasinja mai sauri kan yi tsaki idan layi ya faɗo kansa, tsofaffi da masu ciki kuwa har jiransa suke yi. Da ƙuruciyarsa bas ɗin gwamnati ya tuƙa, da kaki da hula, har ranar da aka sayar da kamfanin aka sallame su. Da abin sallamar ya sayi tasi, da tasin ya aurar da 'ya'yansa, saura Auta da ke karatun jinya. Lodin safe, lokacin da ma'aikata da 'yan kasuwa ke rububin mota, shi ne abincin gidansa. Shi ya sa yake riga kowa zuwa.

Da babban zaɓe ya matso, Birki ya manna hoton jagoran adawa a gilashin bayansa. Tsohon malamin makaranta ne, ana ce masa Mai Alli. Ya ce idan ya ci zai ƙara wa attajirai haraji, ya soke kuɗin asibiti, ya dawo da bas ɗin gwamnati mai araha. A duk tashar, Birki kaɗai ne nasa.

Babban abokin gardamarsa shi ne Rediyo, direban da ba ya rufe baki sai yana shan ruwa.

"Baba Birki, ka ga mutuminka jiya a talabijin?" in ji Rediyo. "An tambaye shi ina zai samo kuɗi, ya yi ta laluben tabarau. Wanda ya kasa gano tabarau a aljihunsa shi zai gano mana kuɗin asibiti?"

Rumfa ta ɗauki dariya.

"Na gani," in ji Birki. "Ya daɗe kafin ya amsa. Ɗan takararku kuwa tun ba a gama tambaya ba ya amsa, kuma amsar da ya ba mu wancan zaɓen ce, ko wanke ta bai yi ba."

"To ai shi ya taɓa riƙe ofis. Naka fa? Ko rumfar shayi bai taɓa riƙewa ba. 'Yan jam'iyyarsa ma faɗa suke da shi. Idan ya matsa wa masu kuɗi suka kwashe masana'antu suka gudu, sai mu ci allin?"

"Su gudu ina? Da kai suke cin riba, ba da iska ba."

"Tsaya, tsoho. Bar batun attajirai. Idan ya zubo bas a titi, wa zai shiga gwangwaninka? Kai da hannunka za ka zaɓi wanda zai kashe maka sana'a?"

Wannan ce tambayar da ke cin kowa a rumfar. Birki bai kauce mata ba.

"Zai rage mana fasinja, ban musa ba. Kuma ba za su ɗauke ni aikin bas ba, na tsufa. Amma kullum ina wuce mata da kaya a ka suna tafiya a ƙasa, suna kallon motata suna kawar da kai don ba su da abin biya. Auta ma da ƙafa take zuwa asibitin da take koyon aiki, 'yar mai tasi guda. Na tuƙa bas, na san wanda yake ɗauka. Ku bar ni da tsohona."

Da gardama ce kawai, da an ci gaba da ita har ranar zaɓe. Sai Ciyaman na tashar ya zo da damin sitika na jam'iyya mai mulki. Ya ce an yi masa alkawarin za a bar musu filin tashar, a kuma yi musu sabon rufi, in dai kowace mota ta manna. Kowa ya karɓa, wasu da murna, wasu don a zauna lafiya. Ciyaman ƙanin matar Birki ne, a gidansa ma ya koyi tuƙi, saboda haka ya ja shi gefe.

"Yaya, don Allah ka cire hoton nan. Ranar zaɓe ka dangwala wa wanda ka ga dama, wa zai gani? Mota ɗaya za ta ɓata mana rufi."

"Rufin da sai na ɓoye fuskata zan zauna a ƙarƙashinsa? Gilashina ne, ƙanina."

"To kada ka ce ban gaya maka ba. Wanda bai manna ba, ƙarshen layi."

A gida uwargidan ta ajiye masa abinci da ɗan ƙarfi. "Malam, kai da ƙanina za ku sa ni a tsakiya saboda wani tsoho da bai san da zamanku ba? Idan ka rasa lodin safe, hoton za mu dafa?"

"Idan na cire don an tsorata ni, abincin ma ba zai wuce mini ba," in ji shi. Ta yi masa kallon da ta saba yi masa tun suna amare, ta tura masa ruwan wanke hannu.

Washegari ya riga kowa, ya rataya makullinsa a ƙusar farko, ya tafi duba iskar taya. Da ya dawo, jan zaren yana lilo a can ƙusar ƙarshe. Na Rediyo ne a gaba. Fasinjoji sun fara taruwa, Ciyaman yana tsaye da hannu a aljihu.

Birki bai ɗaga murya ba, bai kuma mai da makullin ba. Ya ja benci ya zauna a gaban katakon.

"Wanda ya ɗauke shi, shi zai mai da shi," ya ce. "Ina nan."

"Rediyo, yi lodi!" in ji Ciyaman.

Rediyo ya dubi katakon, ya dubi fasinjojin, ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, wa ya matsar da na Baba?"

"Ni ne. Hukuncin ƙungiya ne."

"Ƙungiya ta ce a manna sitika, na manna har biyu. Ban ji inda ta ce a taɓa makulli ba." Ya juya wajen Birki. "Tsoho, kada ka yi murna. Ko Mai Alli kaɗai ya rage a takardar zaɓe, gara in dangwala wa teburin. Amma yau naka, gobe nawa. Ba zan yi lodi a kan makullin da aka ɗauke ba."

Na bayansa ma ya ce cikinsa ke ciwo. Na bayan wancan ya buɗe bonet ya tsaya yana kallon inji kamar yau ya fara ganinsa. Fasinjoji suka fara surutu, wata mai kwandon kaya ta ce idan taron siyasa ake yi a faɗa musu su tafi da ƙafa.

Ciyaman ya tsaya har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Daga bisani ya zare makullin mai jan zare, ya mai da shi ƙusar farko, ba tare da ya dubi kowa ba.

"Idan aka hana mu rufi, Yaya, kai za ka riƙe mana lema."

"Zan riƙe," in ji Birki. Ya sauke makullinsa da hannunsa.

Mota ta cika. Rediyo ya leƙo ta taga yana cewa, "Ku yi haƙuri, jama'a, direban da ɗan takararsa duk ba sa sauri!" Birki ya sa giya ya fita daga tashar a hankali, yadda duk wanda ke rumfar zai ga hoton da kyau.