Gwiwar Hannun Inna Thoa

"Ai ban ce yau zan ɗauki allon ba, Inna," in ji Luan, yana juya cokali cikin kwanon faten shinkafa. "Amma masu ɗakin nunin zanen ba za su jira mu ba. Akwai injin gogewa a shagona, kafin yamma an fito miki da shi tas."

"Injin da kuke goge farantan 'yan yawon buɗe ido?" Inna Thoa ta ce, ba ta ko ɗago daga tukunya ba. "Ci ka tashi, kujerar masu saye ce."

Ya ce shi ma ai saye ya zo yi. Ta ce wanda ya gama karatunsa a kan ƙanzon tukunyarta ba zai zo da furfura ya yi mata burga ba. Ya yi dariya, ya hau babur ɗinsa ya fita daga lungun.

Ta san ba mugunta ce ta kawo shi ba. Luan tsohon ɗalibin mijinta ne, Malam Khue, yanzu yana da babban shagon zane a bakin tafki, kuma so yake ya shirya wa malaminsa nuni tun yana raye. Sai dai abin da ya fi so a rataya shi ne allon ƙarshe, wanda har yau babu wanda ya ga abin da ke kansa.

Malam Khue ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a wata makarantar zane a Hanoi. Yakan zaunar da tsoho a gaban aji, ya hana ɗalibai taɓa launi sai sun iya zana yadda riga take tattarewa a gwiwar hannu, har suka laƙaba masa Malam Gwiwa. Da yayi ya sauya, aka koma watsa launi a manyan ƙyallaye, sai aka riƙa rataye aikinsa kusa da matakala, inda mutane ke wucewa suna neman makewayi. Bai taɓa yin ƙorafi a gabanta ba. Yakan dawo gida ya duƙufa a kan zanen ƙaro irin na mutanen da.

Aikin ba ya son gaggawa. A shafe allo da baƙin ƙaron itace, a jera ɓawon ƙwai inda ake son fari, a shimfiɗa fallen azurfa, a sa ja, sannan a bi da ƙaro shafi bisa shafi. Tsakanin kowane shafi allon yana kwana a kabad mai jiƙaƙƙun buhuna, don ƙaron ba ya bushewa sai da laima. A ƙarshe zanen yakan ɓace gaba ɗaya. Sai mai shi ya ɗauki dutse mai laushi da ruwa ya yi ta goga har surar ta taso. In ya rage ta zauna a binne, in ya zarce ta tafi ke nan. Shi ya sa ba mai goge wa wani. Inna Thoa ta wanke masa ɓawon ƙwan agwagwa daga wajen sana'arta tun tana amarya, ta sha ƙaiƙayin ƙaro har wuya, amma ba ta taɓa ɗora dutse a kan allo ba.

Malam Khue ya rufe allon ƙarshe da ƙaro ke nan ciwo ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da rabin harshensa.

Da ta shiga ɗaki bayan tafiyar Luan ta same shi a bakin taga, ya ji komai. Ta ambaci injin, ya girgiza kai. Ta ce to sai allon ya zauna baƙi har a fitar da su biyun daga gidan. Ya daɗe yana kallon hannayenta, sannan ya nuna dutsen da hagu.

"Tsoho, ciwon ya taɓa maka kai ne?"

Bai sauke hannun ba.

Suka yi dabara. Ta ajiye masa kwanon tasa a cinya, ta ba shi cokali. In ya ƙwanƙwasa, ta tsaya. Kullum in cinikin safe ya lafa takan durƙusa gaban allon, ta zuba ruwa, ta goga. Ruwan yakan gangaro launin shayi. Da farko tururi ne ya taso a jikin allon, na azurfa. Sai bakin tukunya, sai gajerun kujeru, sai bangon lungunsu da gansakukarsa. Sai bayan wata mace a sunkuye. Ta gane facin da ke kafaɗar rigar.

"Duk matan garin nan ka rasa sai mai fate? Kuma ta ƙeya?"

"Fuskar," ya ce da ƙyar, "tsoro take ba ni."

Ta watsa masa ruwan yatsunta.

Ranar da ta iso hannun matar, ta ga ya gyara zama. Ɓawon da ya jera a gwiwar ƙanana ne kamar tsakin shinkafa, kowace tattarar riga da nata. Farin ya fara leƙowa, ta ji tana son ganinsa sarai. Ta ƙara ruwa, ta ci gaba, kunnenta na jiran tasa. Tasa ba ta yi ƙara ba. Hannunsa na hagu ne ya gaji, cokalin ya sulale kan bargo shiru. Sai da ta ji gurnaninsa ta ɗaga dutsen.

A tsinin gwiwar akwai baƙin tabo kamar girman babban yatsa. Ta zuba ruwa, bai tafi ba. Ta shafa da tafi, yana nan.

Hawaye na bin kumatunsa, amma idon nan na dama kullum yana zuba, don haka ba ta iya gane ko kuka yake yi ba. Ta ce za ta kira Luan ya sake jera ɓawon. Ya ce a'a, hannun Luan ba nasa ba ne. Ta ce duk wanda ya san shi nan zai fara dubawa, za su ce Malam Gwiwa ya kasa gwiwa.

"Da ajina kika zo," ya ce, "da kin faɗi." Ya ja numfashi. "Goge sauran."

Ba ta yi dariya ba. Ta yago bakin wani tsumma, ta ɗaure masa cokalin a wuyan hannu, ta gwada ƙullin. Ta ce in Luan ya dawo za ta gaya masa da tabon zai ɗauka ko ya bari, kuma kada ya kuskura ya rataya shi kusa da matakala.

Daga waje wani ya ƙwala kira, yana tambaya ko mai faten ta yi ƙaura ne. Ƙauri ya shigo ta taga. Ta rufe allon da ƙyalle, ta goge hannuwanta a wando, ta fita wajen tukunya.